Kututturen da Ya Yi Toho: Haƙuri da Sababbin Masu Bi

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:24-28

 Cikin saƙonnin da masu sauraro suke aiko mana akwai wani kuka da yake yawan dawowa, kuma daga bakin waɗanda suka karɓi bishara yake fitowa. Mutum ya daɗe yana jin Maganar Allah a rediyo, shi kaɗai a ɗakinsa da dare, ya rage murya don kada a ji. Ran nan ya yi ƙarfin hali ya shiga majami'a. Bayan 'yan watanni sai a neme shi a rasa. In ka same shi ka tambaye shi, ba zai ce maka ya daina gaskata Yesu ba. Zai ce an yi masa dariya ranar da ya kasa samun littafin Habakuk, ko an tsawata masa a gaban jama'a, ko kuwa ya yi tambaya aka dube shi kamar ɗan leƙen asiri.

Ba ina nuna wa kowa yatsa ba ne. Ni kaina na yi wannan laifi, daga kan mumbari kuwa na yi shi.

Shekarata ta uku ke nan da fitowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki, ina kiwon wata ƙaramar ikilisiya a ƙauye, takardar shaidata tana rataye a bango, kaina cike da ayoyi. Akwai wani magidanci, manomi, wanda ya girme ni da wajen shekara 15. Watansa huɗu da ba da gaskiya. Matarsa ba ta ba da gaskiya ba tukuna, amma ta fara biyo shi, tana zama can baya kusa da ƙofa. Wata Lahadi cikin watan Agusta, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake kayar da yara, suka zo da ƙaramar 'yarsu. Da uwar ta sauke ta daga goyo, sai na hangi laya a wuyan yarinyar. Raina ya ɓaci. Na ture wa'azin da na shirya gefe guda, na shiga magana a kan masu ƙafa ɗaya a majami'a ƙafa ɗaya a gidan boka. Ban kira sunan kowa ba, amma inda mutum 40 suke zaune ba sai an kira suna ba. Kowa ya waiwaya. Mutumin ya zauna har aka tashi, ya gaishe ni da ladabi a bakin ƙofa, suka tafi. Lahadi ta zagayo, ba su zo ba.

Wata tsohuwa cikin zumuntar mata, wadda ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, ita ce ta tare ni bayan sujada. Ta ce, “Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ka tambaye shi wa ya ɗaura?” Ban tambaya ba. Daga baya na sami labari: mahaifiyarsa ce ta ɗaura. Kwana uku yana jayayya da ita a kai. 'Yan'uwansa sun riga sun hana shi rabonsa na gandu saboda bangaskiyarsa, uwar nan kuwa ita kaɗai ta rage mai yi masa magana a gidan. Ya kai yarinyar wurin likita, ya karɓo magani, sa'an nan ya kawo ta majami'a musamman don mu yi mata addu'a cikin sunan Yesu. Addu'ar nan kuwa ban yi ba.

Bari yanzu mu duba karatunmu na yau, mu ga yadda waɗansu bayin Allah suka bi da wanda saninsa bai cika ba. Afolos Bayahude ne, mutumin Iskandariya ta ƙasar Masar, gwanin magana, masanin Littattafai. Ya zo Afisa yana koyarwa a kan Yesu da zafin zuciya. Amma akwai babban giɓi a saninsa, domin baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Ka lura, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a fili yake koyarwa, cikin majami'ar Yahudawa. A cikin masu sauraronsa akwai Akila da matarsa Bilkisu, masu ɗinkin alfarwa, waɗanda suka zauna gida ɗaya da manzo Bulus a Koranti suna sana'a tare. Abin da Afolos bai sani ba, su sun sha jinsa daga bakin Bulus kansa.

Me suka yi? Sun bar shi ya gama maganarsa. Sa'an nan suka ja shi gefe, inda ba idon jama'a, suka ƙara masa haske a kan abin da ya riga ya sani. Ba su rushe ginin da yake da shi ba, ɗori suka yi a kai. Da ya tashi tafiya Akaya, 'yan'uwa na Afisa har wasiƙa suka rubuta domin a karɓe shi a can. Wannan Afolos shi ne wanda Bulus ya ambata daga baya cikin 1 Korantiyawa sura 3 a matsayin mai ban ruwa ga abin da shi Bulus ya dasa. Ka yi tunani, da a ce Akila ya miƙe tsaye a tsakiyar taro ya ce, “Kai, dakata, ba ka san abin da kake faɗa ba,” da gaskiya ce zai faɗa. Amma da wa zai yi ban ruwa a Koranti?

Ina ganin akwai dalilin da ya sa ma'auratan nan suka iya wannan hali. Su ma baƙi ne. An kore su daga Roma sa'ad da sarki Kalaudiyas ya ba da umarni Yahudawa su bar birnin. Wanda ya taɓa shiga garin da bai san kowa ba ya san nauyin ido. Ku kuma iyayenmu mata, ku lura da cewa a wurare da dama cikin Sabon Alkawari sunan Bilkisu ne yake gaba da na mijinta. A ikilisiyoyin da na yi hidima, sababbin masu bi da yawa da suka tsaya, ba wa'azina ne ya riƙe su a shekarar fari ba. Kwanon tuwon wata uwa ne da tabarmar tsakar gidanta.

Mu mutanen karkara Allah ya ba mu wani misali a gonakinmu. Masu shekaru a cikinmu sun tuna yadda ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal, iska tana kwasar ƙasa tana binne shuka. An yi ta dasa itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A shekarar 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya yana rage wa ƙafafun motarsa iska saboda rairayi. Sai ya dubi ɗan tsiron nan da manoma suke sarewa su ƙone kowace shekara lokacin sassabe, ya gane ashe ba ciyawa ba ce. Toho ne daga kututturen itacen da aka sare tun da daɗewa, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan ya fara roƙon manoma su daina sare shi. Bayan farin 1984 mutane da yawa suka gwada, ko da yake maƙwabta suna yi musu ba'a, wai raggaye ne masu ƙazamar gona. Wannan aiki shi ne muke kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a kan hekta wajen miliyan 5 a ƙasar Nijar. Gawo da kalgo da sabara da magarya da muke gani yau a gonaki, da yawansu daga kututture suka farfaɗo.

To, ka dubi yadda manomi yake yin wannan aiki. Ba shi ne ya ba kututturen rai ba, ya tarar da ran ne a wurin. Yakan zo ya duba tohon, ya zaɓi 'yan ƙalilan mafi ƙarfi ya bari, ya rage sauran. Yakan datse ƙananan rassa na ƙasa, ya bar na sama. Da kaifin ƙarfe yake yanka, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Sa'an nan ya tsare shi daga awaki da wuta da masu neman itacen girki. Bayan 'yan watanni ya sake dawowa ya ƙara gyarawa. Shekara ta fari ba inuwa. Ta biyu ma in ya sami 'yan ƙirare sai ya gode wa Allah. Wanda ya ce sai ya huta a ƙarƙashinsa a damina ta fari, zai ɗauki gatari ya sare don haushi.

Haka sabon mai bi yake. Ran da yake cikinsa ba kai ka sa ba, ba ni na sa ba, aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Sau da yawa ma Allah ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin ƙasa kafin mu ga toho: wata aya da ya ji yana yaro, kirkin da wata ma'aikaciyar asibiti ta yi wa mahaifinsa, shirin rediyo da ya ci karo da shi yana neman labaran duniya. Ubangiji Yesu ya ba da misali cikin Markus sura 4 a kan mai shuka wanda yake kwana yana tashi, irin yana tsiro yana girma ba tare da ya san yadda ake yi ba, daki-daki, daga ganye zuwa zangarniya har zuwa ƙwaya. Kai da ka shuka hatsi, ka taɓa jan karansa don ya yi saurin tsawo?

Na san abin da wani dattijon ikilisiya zai ce, domin an sha faɗa mini: “Fasto, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muka yi shiru, ikilisiya za ta cika da gauraye.” Baba, maganarka tana kan hanya. Manomin da ya bar toho bai taɓa sa masa wuƙa ba, kurmi zai samu, ba itace ba. Haƙuri ba sakaci ba ne. Sa'ad da wani a Koranti ya ɗauki matar ubansa, ikilisiya kuma tana fahariya, Bulus bai ce a yi ta haƙuri ba, ya ce a fitar da shi. Amma karin maganar nan tanƙwarawa ya ce, bai ce karyawa ba. Cikin 1 Tasalonikawa 5:14 Bulus ya bambanta mutum iri uku: akwai mai taurin kai wanda gargaɗi ya dace da shi, akwai mai karyayyar zuciya wanda ƙarfafawa yake bukata, akwai marar ƙarfi wanda sai an tallafe shi. Sa'an nan ya ɗora haƙuri a kan dukansu. Laifina a ranar nan shi ne na ba mai karyayyar zuciya maganin mai taurin kai. Ba kuwa yadda za ka san wane iri ne a gabanka sai ka zauna ka tambaya.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kai. Yawancin abubuwan da muke tsangwamar sababbi a kansu ba sa cikin Littafi Mai Tsarki, al'adunmu ne na majami'a. Mutum ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa, sai yara su yi dariya, alhali Musa ma ya tuɓe nasa a gaban Allah. Ya ɗaga tafin hannunsa sama yana addu'a ido a buɗe, sai a ce bai tuba da gaske ba. Bai san waƙoƙinmu ba, bai san lokacin tashi da lokacin zama ba. Har akwai masu gwada sabon mai bi da naman alade, wai su ga ko ya rabu da tsohuwar hanya. Ɗan'uwana, wannan mugunta ce, ba koyarwa ba. Romawa sura 14 tun daga farko har ƙarshe a kan irin wannan take magana. A ikilisiyar Roma akwai waɗanda ganye kaɗai suke ci saboda lamirinsu, akwai masu cin kowane abu. Bulus ya umarci masu ƙarfi su karɓi raunana ba don a zauna ana gardama da su ba, ya kuma tuna musu cewa bawan wani ne suke yi wa shari'a, ubangidansa kuwa yana da ikon tsai da shi. Sabon mai bi yana bukatar ya kafu a kan wanene Yesu, da abin da mutuwarsa da tashinsa suka yi masa, ya koyi addu'a, ya saba da Maganar Allah. Waɗannan su ne tohon da za a bari su yi ƙarfi. Sauran kuwa a bi su ɗaya bayan ɗaya, waɗansu ma kada a taɓa su sam.

Ka tuna da Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, cikin 2 Sarakuna sura 5. Ranar da ya warke daga kuturta ya shaida cewa ba wani Allah sai Allah na Isra'ila. Amma nan take ya kawo wa annabi Elisha wata matsala mai wuya: aikinsa ya tilasta masa raka sarkinsa zuwa haikalin gunki Rimmon, in sarki ya sunkuya yana dafe da hannunsa, shi ma dole ya sunkuya. Ya roƙi gafarar Ubangiji a kan wannan tun kafin ya koma. Elisha bai ce masa sujada ga gunki daidai ce ba. Bai kuma tsare shi da doguwar lacca ba. Ya sallame shi da salama. Mutumin da kwanansa ɗaya cikin bangaskiya, lamirinsa har ya fara damunsa a kan gidan gunki, ai alama ce saiwar tana da rai. Annabin ya bar shi a hannun Allah wanda ya fara aikin.

Yanzu sai maganar masu nema, waɗanda ba su ba da gaskiya ba tukuna, suna ta tambaya. A nan haƙurinmu ya fi saurin ƙarewa, domin tsoro yakan shiga ciki. Ba na raina wannan tsoro. Ba mu manta da watan Janairu na 2015 ba, sa'ad da aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, ko da yake ba mu manta kuma da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye 'yan'uwanmu a gidajensu ba. Hikima ba laifi ba ce, ba kowane baƙo ake zayyana wa sunayen masu bi na ɓoye ba. Amma almajirai na Urushalima ma suna da dalilin jin tsoron Shawulu, mutumin da ya sa 'yan'uwansu a kurkuku. Da ya zo yana neman shiga cikinsu, duka suka ja da baya. Mutum ɗaya ne, Barnaba, ya zauna ya ji labarinsa, ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni. Kowace ikilisiya tana bukatar ko da mutum ɗaya irin wannan, wanda zai sha shayi da baƙo, ya ji tambayoyinsa ba tare da fushi ba.

Tambayoyin nan kuwa za su zo, masu kaifi ma. Yaya Allah zai yi Ɗa? Ba alloli uku kuke bauta wa ba? Ba an sāke Littafinku ba? Wanda ya yi maka irin wannan tambaya ba zaginka yake yi ba, abin da ya tashi yana ji ke nan tun yana yaro, kuma da bai damu ba da bai tambaya ba. Zai tambaye ka yau, ka amsa, bayan wata biyu ya sake kawo ta kamar ba ku taɓa yin maganar ba. Ka sake amsawa. In ba ka san amsar ba, ka ce masa za ka je ka bincika, ka kuwa je. Nikodimu da dare ya zo wurin Yesu, malami ne babba, amma maganar sabuwar haihuwa ta ɗaure masa kai. Ya tafi a daren nan ba tare da an rubuta mana cewa ya ba da gaskiya ba. A Yahaya sura 7 muka sake ganinsa, ya ɗan sa baki a majalisa cewa bai kamata a hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba. Sai a sura 19, ranar da almajiran da suka yi shekara uku da Yesu suka watse, Nikodimu ya fito fili da kayan ƙanshi fiye da kilo 30 don jana'izar Ubangiji. Tsakanin daren farko da wannan yamma akwai tafiya mai nisa, Yesu kuwa bai kore shi don yana tafiya a hankali ba.

Mu da muke ganin mun yi nisa, yaushe muka fara? A 1924 ne aka buɗe tashar mishan ta farko a Damagaram. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa bai fito ba sai 1932. Yawancinmu, in ba mu da kanmu ba, to iyayenmu ko kakanninmu ne suka shigo majami'a ba su san inda Farawa take ba, waɗansu da layu a aljihu. Wani ya yi haƙuri da su. Sa'ad da Isuwa ya ce wa Yakubu su kama hanya tare, Yakubu ya amsa cewa akwai yara ƙanana da dabbobi masu shayarwa a tare da shi, in aka kora su da ƙarfi ko da yini ɗaya ne garken zai mutu, don haka zai biyo a hankali gwargwadon ƙafar yara. Duk makiyayi ya san wannan. Ran Lahadi mai zuwa ka dubi bencin baya. Wanda ka gani yana juya shafi yana neman aya, ka matsa kusa da shi ka buɗe naka ku karanta tare, kada ka fizge nasa. In ka ga abin da ya dame ka a rayuwarsa, ka je gidansa tukuna, ka gaishe shi, ka tambaya. Ka yi addu'a dominsa kafin ka yi magana a kansa.

Mutumin nan da na ba ka labarinsa, sai da na yi wata takwas kafin girman kai ya bar ni na je wurinsa. Na tafi tare da wani dattijo. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo fura. Na tambayi lafiyar yarinyar, ya kira ta, ga ta ta warke tana gudu, layar kuwa ba ta a wuyanta. Ya ce shi da kansa ya cire ta bayan ya lallashi mahaifiyarsa. Na ce masa, “Yaya, na yi maka laifi a gaban jama'a, ka gafarta mini.” Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Malam, ya wuce. Ko kwana ɗaya ban bar Yesu ba, majami'a ce na ji kunyar shiga.” Bayan kaka ya dawo sujada, a shekara ta gaba aka yi masa baftisma, kuma na roƙi gafararsa a gaban mutanen da na kunyata shi a idonsu.

Matarsa kuwa, wadda take zama can baya kusa da ƙofa, ba ta sake taka majami'a ba. In na ziyarci ƙauyen takan gaishe ni da fara'a, ta tambayi iyalina, ta kawo mini ruwa. Har yau sunanta yana cikin littafin addu'ata.